Waƙar Ƙarshe a Kaset ɗin Nomau

Shekara talatin da ɗoriya Babana ya yi yana raka amare da waƙar rataye mutum, bai sani ba. Ni na gaya masa, kuma har yau ban tabbata ya yafe mini ba.

Sunansa Ilyasu, amma a Madarunfa in ba Ilu Mai Jita ka ce ba, babu mai nuna maka gidanmu. Tela ne, kekensa na bakin kasuwa. Jitar kuwa tun zamanin samariya yake riƙe da ita, lokacin da kowane gari ke da orkes ɗinsa, wato ƙungiyar makaɗa, ana zuwa gasa. Su shida ne a nasu. Huɗu sun riga mu gidan gaskiya, saura shi da makaɗinsu, Baba Abdu, wanda katanga ɗaya ta raba gidansa da namu. Shekara hamsin suna tare, kuma ban taɓa jin sun yarda da juna a kan komai ba, ko da yawan sukarin shayi ne.

A waɗancan shekarun wani Ba'amurke ya zo aikin kifi a tabkin garinmu. Sunansa ya ƙi zama a bakin mutane, suka sa masa Dogo suka huta. Da zai koma ƙasarsu ya bar wa Baba kaset guda. A jikin kwalin akwai hoton wasu ƙarti biyar masu gemu, da manyan malafu da bindigogi, sun jeru a bakin wani ɗakin katako. Baba ya dubi bindigogin nan ya yanke hukunci cewa mafarauta ne, kuma a haka aka zauna. Ba ya jin ko zo in kashe ka da Ingilishi, amma kunnensa ba ya barin komai ya wuce. Akwai wata waƙa mai sanyi a ciki, jita ɗaya na kuka, wani abu mai kama da gurmi na bin ta a hankali, muryoyi huɗu sun hau kan juna. Ita ya ɗauke tsaf, ya sa mata baitocin Hausa na rabuwa da gida. In ya kaɗa ta ranar kai amarya, har ƴan kallo sai sun share hawaye.

Ni malamar Ingilishi ce a kolej. Shekara goma sha ɗaya na yi a garin Tawa kafin a maido ni gida. Aurena ya mutu a can, na dawo da ƴaƴa biyu da akwatin littattafai. Rediyon Baba ta daɗe da lalacewa, sai ya kai kaset ɗin Maraɗi aka juye masa a katin salula. Wata Juma'a bayan la'asar ya ajiye salular a gabana.

"Ramatu, an ce gwamnati na biyanki don kina jin Ingilishi. To hwaɗa mini abin da mahalban ga ke cewa."

Sati uku na yi ina fama. Mutanen nan ta hanci suke magana, kuma sai sun tauna kalma sun gaji sannan su sake ta. Kullum bayan la'asar mu zauna a zaure, in saurara, in mayar baya, in rubuta, Baba na tsaye a kaina. A waƙa ta biyu na gane ba mafarauta ba ne. A ta huɗu na gane abin da ya fi wannan: waƙoƙin goma ne, amma labarin ɗaya ne. Wasu ƴan'uwa ne fari ya kore su daga gona, suka hau dawaki suka shiga tare jirgin ƙasa. In hukuma ta biyo su sai su tsallake wani kogi su faɗa wata ƙasa, masu bin su su tsaya a gaɓa suna cizon yatsa. Waƙa ta tara ita ce mai sanyin nan. Ƙaraminsu ne aka kama, yana leƙe ta taga yana kallon kafintoci suna haɗa katakon da za a rataye shi. A ta goma kuma aka harbe sauran a tsakiyar titi.

Baba ya jawo salular gabansa.

"Ta taran ga, har bikinki na kaɗa ta," ya ce.

"Ga shi kau auren bai kai ko'ina ba," na ce.

Bai yi dariya ba, amma na ji wani ya yi a waje. Baba Abdu ne. Tun ranar da muka fara ya matso da tabarmarsa gindin zaurenmu, wai nan inuwa ta fi, yana tufka wata igiya da ta ƙi ƙarewa.

Na ɗauka kunyar amare ce za ta dami Baba. Ina, wani abu ne daban ya shige shi. Washegari yana shan koko ya tsare ni da tambaya.

"Su mawaƙan ga, yabon ɓarayin suke ko zambo?"

"Ba ko guda, Baba. Labari suke badawa."

"To wa ya ba su riga?"

"Babu. Mutanen sun mutu tun kahin a haihi mawaƙan."

Ya ajiye ludayi. A wurinmu in mawaƙi ya kama sunan mutum, ɗayan biyu ne: ko ya ɗaga shi a ba shi riga, ko ya kayar da shi a biyo shi da sanda. Baba ya shekara sittin da takwas bai san akwai hanya ta uku ba, da ya gan ta kuwa sai ya koma kamar yaron da aka saya wa keke. Kafin azahar ya gaya mini shi ma zai yi nasa kaset ɗin, waƙa bakwai, labari ɗaya, labarin Nomau.

Duk ɗan yankinmu ya ji sunan Nomau, ko da a bakin kakarsa ne tana tsorata shi. Zamanin Turawa ne, bayan an ja layi tsakaninmu da Katsina an ce nan ƙasar Faransi, can ta Ingilishi. Nomau da mutanensa huɗu suka gane amfanin layin. Su koro shanu daga can su shigo nan, su tare fatake a nan su tsallaka can. Sojan kumandan, Baturen mulkin Faransi, ba su da izinin wuce layi, dogaran can ma haka. Wasu na cewa talaka bai taɓa kuka da shi ba, wasu na cewa waɗanda suka yi kukan ne ba a tambaya ba.

Wata takwas Baba ya yi yana tara labari. Duk tsohon da ya kawo ɗinki sai an tatse shi kafin ya karɓi rigarsa. Ya yi waƙar ranar da Turawa suka kafa turakun iyaka a tsakiyar gonar wani, ya yi ta shekarar fara da ta fitar da Nomau daga gida, ya yi ta baƙin dokinsa, har da wata ta ban dariya a kan kumandan da aka sace wa takalma yana wanka. Shida suka kammala, kuma in faɗi gaskiya sun yi daɗi, ko da yake ni aka hana barcin rana. Wani mai sutudiyo a Maraɗi ya ba shi rana bayan an gama girbi. Abu biyu suka rage, waƙa ta bakwai da ganga.

Gangar ita ce babba, don Baba Abdu ya ce ba zai kaɗa ba.

Dole in faɗi dalili. Ɗansa Kabiru direba ne, yana jigilar ƴan kasuwa tsakanin nan da Jibiya. Shekara biyu da suka wuce ƴan bindiga suka tare motarsa a hanyar dawowa, suka harbe shi a kujerarsa, suka shige daji da mutum biyar. Ya bar mata da ƴaƴa uku. Tun ranar Baba Abdu ya rataye gangarsa, ya shimfiɗa tabarma a ƙofar gida, nan yake wuni yana kallon hanya. Ba ya kuka, ba ya ambaton sunan, in an gaishe shi ya amsa.

A gabana suka yi ta, a zaure.

"Ilu, kai baki gare ka, kana iya cewa labari ne. Ganga ba ta san labari ba. In na kaɗa bisa sunan mutum, na ba shi take ke nan. Sarki na da take, manomi na da shi, mahauci na da shi. Ni ba ni ba ɓarawo."

"Nomau ya mutu tun ba a haihe mu ba, Abdu. Ba irin na yanzu ba ne."

"Wa ya gaya maka? Don shi doki ya hau, su moto?"

Akwai masu kiɗan inji a Maraɗi, na ce wa Baba ya ɗauki ɗaya. Ya dube ni kamar na ce ya sake uwa. Bai taɓa buɗe baki a gaban mutane ba sai da gangar Abdu a bayansa, kuma ya rantse in babu ita kaset ɗin ya zauna a cikinsa har kabari. Na san shi, zai aikata. Na kuma san ba kaset kaɗai ke cin ransa ba. So yake ya ga abokinsa ya tashi daga tabarmar nan, ya rasa ta inda zai kama shi.

Sai dai ni na san lagon Baba Abdu: ba ya iya barin labari a tsakiya. Rannan ina dawowa daga lakwal, na gama koyarwa, ya yafito ni da hannu, ya rage murya.

"Ɗiyata, shi Nomau ɗin, ƙarshenai mi ya zama? Ba don komi ba."

"Shi muke nema, Baba."

Gaskiya na gaya masa. Ƙarshe uku Babana ya samo, babu wanda ya yi kama da wani. Akwai masu cewa sojan kumandan sun harbe shi a daji, da masu cewa layar zana gare shi, ya ɓace yana nan har gobe, da wani tsoho da ya kafe kan cewa kada ne ya cinye shi. Baba ya fi son na harbin, don haka na Amurkawan ya ƙare. Har ya fara baitocin, da hayaƙin bindiga da komai. Amma ransa bai kwanta ba, kullum sai ya warware abin da ya haɗa jiya.

Ana cikin yankan gero wani mutumin Gabi ya kawo wando a rage masa tsawo. Ya ji Baba na ƙunƙuni da sunan, ya ce ai ɗiyar Nomau na nan da ranta a wani ƙauye kusa da su, Indo sunanta, ta haura tamanin. Baba ya kusa ɗinke yatsansa.

Muka sa ranar kasuwa, don hanyar ba a bin ta yanzu sai cikin jama'a, a tafi da hantsi a dawo kafin la'asar. Muna isa tasha muka tarar da Baba Abdu a gidan gaba, ya kafa hula. Wai irin wake zai duba a Gabi. Irin wake, cikin kaka, mutumin da ya shekara biyu bai leƙa gonarsa ba. Baba ya buɗe baki, na taka masa ƙafa.

Daga Gabi muka hau amalanke zuwa ƙauyen. Inna Indo ƴar ƙaramar tsohuwa ce, mun same ta a gindin rumbu tana ɓarar gyaɗa, idonta tar. Tana ganin jita a kafaɗar Baba ta kira matar jikanta.

"Maroƙa sun zo. A kama musu zakaran nan, a damo hura."

"Inna, ba roƙo munka zo ba," in ji Baba. Ya durƙusa ya gaishe ta, ya yi mata bayani tiryan-tiryan, har da Amurkawa da jirgin ƙasa.

"To in ba yabo ba ne, zambo ne. Ka zo har gida ka zagi ubana?"

"Ba zagi ba ne, Inna."

"Kaɗa in ji, in gane da kaina."

Baba ya kaɗa duka shidan, ita kuma ta bi shi da gyara kamar mai duba jarrabawa. Baƙin doki? Goɗiya ce, fara, mai ɗingishi. Mai tsayi har yana sunkuyawa a ƙofa? Gajere ne, ga ta nan ta gado shi. A kan takalman kumandan kuwa ta yi dariya har da tari, ta ce wannan ƙarya ce amma a bar ta, ta yi daɗi. Ina kallon fuskar Baba tana sauka da kowane gyara, ni kuwa daɗi nake ji, don na gaji da baƙin dokin nan.

Da ya tambayi ƙarshe sai ta koma kan gyaɗarta.

"Ya mutu, kamar kowa. Ka sa harbin, tunda shi kake so."

Aka kawo fura a ƙwarya. Baba ya sha, na sha, aka miƙa wa Baba Abdu. Yana can zaune a bakin ƙofa, bai ko shigo inuwa ba. Ya ɗaga hannu ya ce alhamdu lillahi. Matar jikan ta ce ko ruwa? Ya ce alhamdu lillahi. Tun safe bai sa komai a cikinsa ba, ga rana ta take. A wurinmu baƙo ya ƙi ruwan gidanka magana ce, kuma duk wanda ke tsakar gidan nan ya ji ta. Kunya ta kama ni, haushinsa ma ya kama ni.

Inna Indo ta daina ɓarar gyaɗa. Ta daɗe tana kallonsa.

"Na taɓa ganin wanga zama," ta ce. "Aje ƙwaryar gabanai, ki bar ta nan."

Sannan ta fara, kuma ba Babana take kallo ba.

"Ku ba ku sani ba, su Babanmu ba su hita da damana. Ruwa na sauka kowa shi koma gonatai, sai kaka. Ina shekara shida, ana tsakar noma, sai ga wani mutum ya zo da ƙahwa daga ƙasar Ingilishi. Dattijo, da ƴar sanda da buta. Ya yi sallama ya ce nan ne gidan Nomau? Anka ce nan ne. Sai ya zamna bakin ƙohwa, daidai inda wancan yake. Babanmu ya hito ya ce mi ke tahe da kai? Bai ce komi ba, kallonai kawai yake.

"Anka dama hura anka ba ni in kai mishi. Ya ce alhamdu lillahi, na maido ta cike. Da marece tuwo, haka. Ruwa ma rijiyar gari yake zuwa shi sha, shi yi alwala, shi dawo shi zamna. Babanmu ya tahi gona, yana nan. Ya dawo, yana nan. Gari dut ya sani baƙo ya ƙi abincin gidan Nomau. Mutanen da ke tashi tsaye in ya wuce sunka koma kallon ƙasa. Ya jawo mishi sa, bai duba ba. Ya zare takobi ya tsaya kanai, mutumin bai ko ƙihta ido ba. Kwana ukku ina kai ƙwarya ina maidowa.

"Rana ta huɗu Babanmu ya zamna ƙasa gabanai, ya ce don Allah ka yi magana. Shi ne ya ce, 'Shanun da kunka kora bayan Jibiya da bazara, ɗana ke kiwonsu. Ya bi ku yana roƙo, guda cikinku ya juyo ya sa mishi mashi. Ban zo biɗar sa ba. Na zo in ga huskar mai gayyar, shi kau shi ga tawa.'"

Ta tsaya ta gyara zaninta. Babu mai motsi, har matar jikan da zakara a hannu.

"Babanmu ya ce shi bai san an kashe kowa ba rannan. Mutumin ya ce yanzu ka sani. Ya tashi ya kakkaɓe riga. Babanmu ya shiga ɗaka ya hito ba takobi, ya amshi butar mutumin ya riƙa mishi, sunka kama hanya. Ni na bi su har bakin gari da ƙwaryata, don ba wanda ya ce in aje. Babanmu ya raka shi har ƙasar Ingilishi, ya wuce gaban alƙali da ƙahwatai. Bayan shekara huɗu anka aiko ya rasu gidan kaso, ciwon ciki. Ba bindiga, ba doki. Goɗiyar ma nan ya bar ta, tana ci muna dawa."

Baba ya kwantar da jita a cinya. Baba Abdu ne ya yi magana daga bakin ƙofa.

"Mi sunan mutumin?"

"Ba wanda ya tambaye shi," in ji ta. "Kai wa anka kashe maka?"

Shekara biyu babu wanda ya yi masa magana kai tsaye haka, duk kewaye-kewaye muke muna cewa sai haƙuri.

"Kabiru," ya ce. "Ɗana na hwari."

"Ka ga huskokinsu?"

"A'a. An ce sun naɗe da rawani."

"To ni ba ni da tasu. Tawa gare ni, an ce kuma ta ubana ce sak. In tana yi maka amhwani, duba."

Ya duba. Wallahi ya duba, ya daɗe, ita kuma ba ta kawar da kai ba, tsohuwa mai haƙori uku da ɓawon gyaɗa a zani. Ban san abin da ya gani ba. Na dai ga ya jawo ƙwaryar ya sha ludayi uku, ya goge baki, ya ce furar ta yi tsami. Inna Indo ta ce da ya sha tun farko da bai same ta haka ba.

Muka hau amalanke muka kamo hanya. Sai da muka hango Gabi Baba Abdu ya buɗe baki, idonsa na kan gonaki.

"Shidan nan ka yi su da jitarka, Ilu. Ba ni taɓa ganga bisa sunan Nomau. Ko ya tuba ko bai tuba ba, wannan tsakaninai da Allah. Amma ta bakwai ba tashi ba ce, ta baƙon ce. Ita za ni kaɗa."

"Ba mu san sunanai ba, Abdu. Ana take ba suna?"

"Na san yadda ya zamna."

Sati uku Baba ya yi yana rubuta baitocin baƙon. Ya yi su da kyau, ya karanta mini har na haddace. Ta katanga kuma muna jin Baba Abdu ya sauke ganga yana ɗaure mata sabuwar fata. Bai yarda sun gwada tare ba ko sau ɗaya, ya ce sai can.

Da ranar ta zo muka tafi Maraɗi mu uku. Sutudiyon ɗaki ne guda, an manna katifu a bango, ga zafi. Aka ɗauki shida kafin azahar, jita da murya kawai, mai sutudiyon na ta mita wai waƙa ba kiɗa babu mai sa ta a salula. Baba Abdu na zaune a kan benci a waje kamar ya rako mara lafiya gidan likita. Bayan salla ya shigo ya rataya ganga, Baba ya tsaya gaban mikro da takardarsa. An shirya cewa in kiɗa ya zaga sau huɗu sai murya ta shiga.

Ba irin kiɗan da na san shi da shi ba ne. Bugu ɗaya, sai shiru har ka ɗauka ya fasa, sai wani bugun. A hankali wani ƙaramin sauti ya riƙa zuwa yana komawa a tsakaninsu. Na gane yarinyar ce da ƙwarya. Ya zaga sau huɗu, Baba bai shiga ba. Ya zaga takwas. Mai sutudiyon ya ɗaga masa hannu ta gilashi, Baba na tsaye da takarda a hannunsa, yana kallon abokinsa. Idon Baba Abdu a rufe, hawaye na bin gemunsa, hannun kuwa bai kuskure ko sau ɗaya ba. Ni ma kukan nake, ban ɓoye ba. Aji ɗaya muka yi da Kabiru tun muna ƙanana.

Minti tara ya yi sannan ya dafe fatar da tafin hannu.

Mai sutudiyon ya leƙo ya ce ba komai, tsufa ne, a sake daga farko, wannan karon zai ƙirga wa Baba da yatsa.

Baba ya ninke takardar ya sa a aljihu.

"Ba a sakewa," ya ce. "Mutumin kwana ukku bai yi magana ba, ni wane ne. Abdu, kawo gangar in riƙa maka."

Baba Abdu ya ce shi ba ya ba tela ganga, amma ya miƙa masa.